Zakara mai bin mutane da faɗa a tsakar gida: yadda na bi da nawa, mataki bayan mataki

Salamu alaikum 'yan uwana masu kiwon kaji a gida. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, satin da ya wuce wata maƙwabciyata a nan wajen Ƙofar Sauri ta shigo mani da ɗanta ɗan shekara uku tana riƙe da shi yana ta kuka, ƙwaurinshi duk jini, wai zakaransu ne ya tsare shi a bakin famfo ya dinga tsalle yana sarar shi har sai da yayarshi ta zo da tsintsiya. Ta ce mani Maman yara ke da kin daɗe da kaji, wai aljanu ne suka shige shi ko me? Na ce mata ba aljanu ba ne, nima na taɓa shiga irin wannan da wani jan zakara da na raina tun yana ɗan tsako, kuma abin yana da hanya, sai dai hanyar tana son haƙuri, wani lokaci kuma ƙarshenta wuƙa ce, gara in faɗa maku tun yanzu.

Abu na farko kafin ma a yi maganar gyara zakara, a raba shi da yara yau ɗin nan, ba gobe ba. Wannan ba abin da za a ce bari mu gani ba ne. Zakara idan zai kai hari tsalle yake yi ya turo ƙafafu gaba yana duka da fukafukai, kuma tsayin tsallen nan nashi daidai fuskar yaro ɗan shekara biyu ko uku ne, ke babba a ƙwauri zai same ki, yaro kuwa ido ne, Allah ya kiyaye. To a kife shi da babban kwando a ɗora dutse, ko a kulle shi a akurki, a sa mashi ruwa da abinci a inuwa, musamman in lokacin bazara ne da zafin Katsina ke iya kashe kaza a cikin kwando cikin 'yan awoyi in an bar ta a rana. Sai an yi wannan sannan hankali zai kwanta a yi tunanin sauran.

In kuma ya riga ya ji wa wani ciwo, kar a raina. Ƙaimin zakara, wato wannan tsinin da ke bayan ƙafarshi, huda yake yi ba yanka ba, bakin ciwon ƙarami amma yana da zurfi, ga shi ƙafar da ta yini tana tona kashi da juji. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu sosai, ruwan ya yi ta zuba a kai na 'yan mintuna, a sa aidin, a rufe da bandeji mai tsabta. Don Allah a daina zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai a ciwo. In hudar ta yi zurfi, ko a fuska take, ko kusa da ido, ko wanda aka sara bai yi allurar tetanos ba ko an manta yaushe ya yi, a tafi asibiti ranar. Haka in bayan kwana ɗaya biyu wurin ya kumbura ya yi ja yana zafi ko ya fara ruwa ko zazzaɓi ya zo, wannan ya wuce sayen magani a kemis.

To yanzu mu zo ga shi kanshi zakaran. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, ba mugunta ba ce irin ta mutum. Zakara yana balaga wajen wata 4 zuwa 6, a lokacin ne zai fara cara, zankonshi ya yi ja sosai, ya fara taka kaji, kuma a lokacin ne halinshi ke canzawa, ɗan tsakon da jiya yake cin gero a tafin hannunki yau ya zama mai gida a ganinshi. Aikinshi da Allah ya halicce shi da shi shi ne ya tsare matanshi, ku lura in shirwa ta gifta a sama shi ne zai fara yin wani irin kuka kaji su ruga ƙarƙashin rumbu, in muzuru ya leƙo ta katanga shi ne zai tsaya. Matsalar tana farawa ne ranar da ya sa ki a layin shirwa da muzuru, ko kuma ya ɗauke ki wani zakara da ya zo ƙwace mashi gida. Duk abin da za ki yi daga nan, manufarshi ɗaya ce, ki fita daga waɗannan layuka biyu a idonshi, ke ba abin tsoro ba ce kuma ba abokiyar karawarshi ba ce.

Shi ya sa mataki na biyu shi ne ki zauna ki lura kwana biyu ko uku, wa yake bi, kuma yaushe. Nawa da na lura sai na ga ba kowa yake bi ba, maigida yana wucewa ta gabanshi ko kallo bai ishe shi ba, amma ni da yara ya sa mu gaba. Da na ƙara lura sai na gano dalili, yaran ne ke bin 'yan tsaki da gudu suna kamawa uwar tana ihu, ni kuma kullum da safe ina shiga akurki ina ɗaga kaza mai kwanci in duba ƙwai tana ƙara, shi kuma yana tsaye yana kallo. A wurinshi mu ne ɓarayin gidan. Wani kuma matsi ne, wuri ƙarami an tara zakaru uku huɗu da kaji biyar, kullum cikin karawa suke, zafin sai ya huce a kan mutane. Masu kiwo sun saba cewa zakara 1 ga kaji wajen 8 zuwa 10, in ya wuce haka a yawan zakaru to rigima ba za ta ƙare ba, su kansu kajin za ki ga bayansu ya kwaɓe ba gashi, ƙeyarsu duk tsiga. Sannan ki duba jikinshi da dare da tocila, ƙarƙashin fiffike da wajen gindin jela, ko akwai ƙuma ko ƙwarkwata, ko ciwo a tafin ƙafa, dabbar da ke cikin ƙaiƙayi da zafi ba ta da haƙuri. A tanadar masu wuri mai busasshiyar ƙasa da toka su yi birgima, a share akurki, in abin ya yi yawa a nemi malamin dabbobi ya ba da maganin da ya dace. Wani kuwa duk kin duba ba ki ga komai ba, jininshi ne haka, ubanshi ma haka yake, wannan shi ne mai wuyar gyara.

Ki kuma koyi gane alamunshi, don zakara ba ya kai hari haka kawai sai ya yi sanarwa. Zai tsaya ya karkata kai yana kallonki da ido ɗaya. Zai saki fiffike ɗaya ƙasa yana tahowa a kaikaice yana ɗan taka rawa, mutane da yawa suna dariya suna cewa wasa yake, ba wasa ba ne, abin da yake yi wa kaza ko wani zakara kenan don ya nuna shi ne sama. Zai dinga tsintar tsinke ko tsakuwa yana yarwa alhali idonshi na kanki. In ya sunkuyar da kai ya baza gashin wuyanshi kamar lema to saura ƙiris. Kuma mafi yawan lokaci sai kin juya baya za ki ji ƙafafunshi fat fat fat a bayanki.

Mataki na uku, shiri. Kar ki shiga wurinshi da silifas da ƙafa a waje. Ki sa dogon wando mai kauri ƙarƙashin zani, ki sa takalmi rufaffe, in akwai dogon takalmin ruwa irin na masu aikin fadama ya fi. Ki ɗaure zani da kyau kar ya dinga kaɗawa, na lura kaɗawar hijabi da ƙarar silifas suna ƙara tunzura nawa. Ki riƙe faifai babba ko murfin roba ko tsintsiyar kwakwa a hannu, ba don duka ba, garkuwa ce, in ya taso ki tare shi da ita ki tura shi gefe a hankali. Amfanin shirin nan ba kare fata kawai ba ne, in kin san ba zai iya ji maki ciwo ba jikinki ba zai yi rawa ba, kuma ba za ki gudu ba, gudun nan shi ne babban abin da ke ɓata zakara, duk ranar da ya bi mutum mutumin ya ruga to ya ci nasara, gobe zai ƙara da ƙarfi.

A nan zan tsaya in yi magana a kan duka, don na san shi ne abin da kowa ke fara yi. A shure shi da ƙafa, a jefe shi da takalmi, a bi shi da sanda har bayan ɗaki. Wallahi ba ya magani. Ki tuna yadda zakaru ke faɗa, da ƙafa suke yi, to in kin kai mashi shuri kin amsa gayyatar kenan, kin tabbatar mashi ke zakara ce, zai ja da baya yau ya dawo jibi, ko kuma ya bar ki ya koma kan wanda ya fi ki rauni wato yara da tsofaffi. Ga kuma alhaki, ƙashin tsuntsu ba ƙarfi gare shi ba, shuri ɗaya zai iya karya mashi ƙafa ko haƙarƙari ya yi kwanaki yana wahala. Ya zo a hadisi cikin Abu Dawuda cewa Annabi Sallallahu Alaihi Wasallama ya hana zagin zakara saboda yana tada mutane sallah, wanda aka hana zaginshi ina ga azabtar da shi. Haka yaran unguwa masu ɗaukar zakara su kai shi a haɗa shi faɗa da na wani gida suna ihu, a hana su, banda haramcin wahalar da dabba, zakaran da ya saba da wannan ba ya dawowa daidai.

Mataki na huɗu shi ne ainihin aikin, kuma kullum ake yi ba fashi. Ki shiga tsakar gida kamar yadda kika saba, tafiya a natse, ba sauri ba sanɗa. In ya tare hanya kar ki kauce mashi, ki ci gaba da tahowa a hankali faifai a gabanki har sai shi ya matsa, in ya matsa ki ƙyale shi ki ci gaba da aikinki kar ki bi shi. In ya taso ki tsaya cik ki fuskance shi ki tare, ya sake ki sake tarewa, zai gaji. Kar ki bar wurin sai ya juya ya kama kiwonshi, sannan ki fita ba tare da kin ba shi baya kusa kusa ba.

Bayan wannan sai ɗauka. Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mani aiki. Ki kama shi, in da rana ba ya kamuwa kar ki yi ta tsere da shi a gida, ki bari sai bayan magariba ya hau wurin kwananshi, kaji ba sa gani sosai a duhu, za ki ɗauke shi salin alin, ki kwana da shi a kwando da safe ki fara. Yadda ake riƙewa, hannu biyu a kan fukafukai ki manne su da jikinshi, ki sa shi a hammatarki kamar kin ɗauko ƙunshin kaya, hannunki ɗaya a ƙarƙashi ya riƙe ƙafafun biyu yatsa ɗaya a tsakaninsu, fuskarki nesa da bakinshi. Kar ki matse mashi ƙirji, kuma don Allah kar a riƙe shi ta ƙafa kai a ƙasa kamar yadda ake yi a kasuwa, numfashi yake hana su, shirun da kike gani ba ladabi ba ne wahala ce. Sai ki yi ta yawo da shi a tsakar gida minti 10 zuwa 15, ki zuba wa kaji dusa yana hammatarki, ki canza masu ruwa, kina mashi magana a hankali. Zai yi ta fizga da farko, ki riƙe. Ba za ki sauke shi ba sai ya natsu, in kin sauke yana fizga to ya koyi cewa fizga ce ke ƙwatar shi. In za ki sauke ki ajiye shi a ƙasa a hankali hannunki a bayanshi na ɗan lokaci sannan ki saki. Nawa ranar farko da na sake shi ya juyo ya sake tasowa, na sake ɗauka, sau uku muka yi a ranar. Zuwa kwana na biyar in ya gan ni sai ya ba ni hanya.

Wani ƙaramin abu da ya taimaka, in na zo da gero ko ragowar tuwo, gabanshi nake fara zubawa, shi kuma sai ya yi wannan kiran nashi kut kut kut kaji su taho ya bar masu. Kin ba shi girmanshi a gaban matanshi, kuma ya fara ganinki a matsayin mai kawo abinci. Amma a ƙasa nake zubawa, na daina ba shi a hannu. Sannan duk abin da zai sa kaza ta yi ihu, ɗiban ƙwai ne, ba da magani ne, kama wadda za a sayar ne, na mayar da shi dare ko kuma in kulle shi tukuna inda ba ya gani. Yara kuma na kafa masu doka, ba bin kaji da gudu, ba ɗaukar 'yan tsaki, kuma ko zakara ya gyaru ƙaramin yaro ba ya zama da shi a tsakar gida ba babba. Ku sani gyaran da kika yi ke ya sani, ba lallai ya wuce kan kowa ba, duk babban da ke gidan sai ya yi nashi.

Maganar ƙaimi kuma, rage shi ba ya canza hali amma yana rage ɓarna, ga mutane da kuma kajin da yake takawa, don wani lokaci in kin ɗaga fiffiken kaza za ki tarar da yanka a gefenta ba ki sani ba. Ƙaimi ƙashi ne a ciki da jini, sai ɓawo mai tauri irin na farce ya rufe shi, saboda haka ba a guntule shi daga tushe. Mutum biyu ake yi, da dare, ɗaya ya naɗe zakaran a tawul ko tsohon zani ya riƙe, ɗaya ya kama ƙafar da kyau ya goge tsinin kawai da magogin ƙarfe irin na makera ko na farce mai kauri, kaɗan kaɗan har ya dakushe. In an ga ɗigon jini a tsaya, a danna garin fulawa ko na masara a wurin a riƙe har ya tsaya, a ware shi sai ya bushe don kaji suna caccakar duk inda suka ga ja. Yana sake tsirowa, bayan 'yan watanni sai a duba. In hannunki na rawa ki kai wa malamin dabbobi, ba abin kunya ba ne.

In kuma zakaru biyu ne suka sarƙe da faɗa kar ki sa hannu tsakaninsu, ki watsa masu ruwa ko ki jefa buhu a kan ɗaya ki ɗauke shi. Masu irin wannan faɗan har jini ba sa shiryawa a ƙaramin gida, ɗaya ne zai tafi.

To sai yaushe za a haƙura? Ni a ganina sati biyu zuwa uku na aiki kullum ya isa a gane. Ɗan saurayin zakara da bai kai shekara ba sau da yawa yana sauka in zafin balaga ya wuce. Amma wanda ya riƙa, kin yi duk wannan yana nan yana laɓewa bayan randa yana jiran ki juya, ko wanda ya taɓa kai wa yaro hari a fuska ko sau ɗaya ne, ni ba na ba shi sati uku ma. Nan ne Hausawa suka ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Na san da zafi, jan zakaran nan nawa ya gyaru da ni kusan wata huɗu, sai ranar da 'yar ƙanwata ta zo hutu daga Daura tana rarrafe a tabarma ya taso mata, Allah ya sa ina kusa. Washegari maigida ya wasa wuƙa sosai, aka ba shi ruwa, aka kai shi bayan gida inda sauran kajin ba sa gani, ya fuskantar da shi alƙibla ya yi bisimilla. Na ji ba daɗi har raina amma ban yi nadama ba. Naman tsohon zakara tauri gare shi, sai an ba shi wuta a hankali ya daɗe, farfesu ya fi dacewa da shi.

In ba za ki iya yankawa ba ki sayar, amma ki faɗi gaskiya. Kar a ɗauke shi a kai kasuwa, ko a ba wa masu zuwa Mai'adua ranar Lahadi, wani bawan Allah ya saya don kiwo ya kai gidan da ke da yara ba a gaya mashi ba, ɓoye aibin kaya ha'inci ne kuma in ya tsone wa ɗan wani ido da hannunki a ciki. Ki ce wa mai saye na yanka ne, yana bin mutane. Kuma kar ki bar ƙwanshi a yi kwanci in kina da zaɓi, hali yana bin jini, kuma ki sani kaza tana iya ci gaba da yin ƙwai mai ɗa daga zakaran da ya taka ta har sati biyu zuwa uku bayan an raba su, to ƙwan wannan tsakanin a soya, sai bayan nan a fara tara na sabon zakara.

Wasu suna tsoron in ba zakara kaji za su daina ƙwai, a'a, kaza tana ƙwai ko ba zakara, ƙyanƙyashewa ce kawai ba za a samu ba, saboda haka ba gaggawa, ki zauna wata ɗaya biyu ba zakara ba abin da zai faru. In za ki kawo sabo ki nemi na gidan da kika sani, ki je ki gan shi a cikin kajinshi, ki shiga ki wuce ta gabanshi ki ga ko zai ba ki hanya, ki tambayi halin ubanshi. Wanda ya haura shekara ya fi, don halinshi ya riga ya fito, ɗan wata uku ba ki san me zai zama ba. Ki duba girma kuma, ƙaton zakaran Noiler a kan ƙananan kajinmu na gida yana ji masu ciwo ko da ba shi da faɗa. In kin kawo shi kar ki sake shi cikin kaji ranar, ki ware shi aƙalla sati biyu a wani kwando nesa da su da kaskon ruwanshi daban, musamman lokacin hunturu da annobar nan ta Niyukasul ke share kajin unguwa gaba ɗaya, ki tambayi malamin dabbobi rigakafinta, akwai wadda ake ɗigawa a ido ko a sa a ruwan sha, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta. Bayan sati biyun in lafiyarshi ƙalau, ki matso da kwandon inda za su dinga ganin juna kwana biyu uku, sannan ki sa shi a akurki da dare, da safe su fito tare, ke kuma ki tsaya kusa da faifanki a ranar farko.